Hannun Kaka Ta Cikin Tabarma

Sadik, na ji labarin da kake ba abokanka a makaranta, wai ƙarti huɗu ne suka danne Kaka kafin a yi masa allura, har ya ciji ɗaya a kunne. Ƙarya ce, kuma ƙaryar ma ba ta yi daɗi ba. A gidan nan ni aka sani da ƙara wa magana gishiri, ban kuwa ba kowa aron sana'ata ba. Lokacin da abin ya faru, ku ƙannena, kai da Ummi, babu abin da ya dame ku sai wanda zai riga wani kankare ƙanzon tukunya. Shi ya sa na ware wannan babin a littafin rayuwata, littafin da Abba yake yi wa dariya wai bai taɓa ganin 'yar shekara goma sha bakwai mai tarihi ba, don in ajiye muku maganar yadda take. Inda na ƙara gishiri za ku gane. Inda ban ƙara ba ma za ku gane, don wurin babu abin dariya.

Kakanmu Malam Bukar masunci ne, kuma in daga bakinsa za ku ji, shi ya nuna wa kogin Haɗeja hanyar da zai bi. Ya yi shekaru yana jan koma, ya yi wasu shekarun yana tsaye a kan hayaƙin bandar kifi, har hayaƙin ya kama ɗaki a ƙirjinsa ya zauna. Daga baya ciwon sukari ya zo ya kama ɗakin kusa. In Kaka ya fara tari a zaurenmu, kajin Kirikasamma sai sun watse. Wannan gishiri ne. Abin da ba gishiri ba shi ne, daminar da ta gabaci labarin nan sanyin haƙarƙari ya kwantar da shi a babban asibiti kwana goma sha ɗaya, kuma ina laɓe a bayan ƙofa da kwanon kunu a hannuna na ji likita yana gaya wa Abba cewa huhun tsohon nan ba zai ɗauki wani bugu irin wannan ba. Ni da ba na iya riƙe sirri daga ɗaki zuwa tsakar gida, wannan na riƙe shi.

Sai kun fahimci yadda gidanmu yake magana, don a nan duk rikicin yake. A lokacin Umma ta shekara goma sha shida a gidan, amma Kaka bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba. "Mutanen ciki" yake ce mata, ko da ita kaɗai ce a cikin. Ita kuma gaisuwarta ta safe daga bayan katangar zaure take fitowa, a hankali, kamar katangar ce take gaisuwa. Abba ɗan fari ne, don haka shi ma "yaron nan" ne, ga shi furfura ta fara fito masa. Hirar da suke yi da Kaka a shekara ba za ta cika kwalin ashana ba, balle kullum yana hanya da lodin tattasai. Ni ma 'yar fari ce, "ke" ne sunana a bakin Umma, Rumasa'u kuwa a makaranta kawai nake jinsa. Kakarmu mace ta rasu tun ina goye. Saboda haka duk maganar da za ta tashi daga zaure zuwa cikin gida, taku goma sha biyu ne, na ƙirga, a bakina take tafiya. Ni ce jika, ni ce "Amarya". Kullum sai ya sake ni kafin azahar saboda kunun da na dama ya yi ruwa, ni kuma in ce dama saurayi mai haƙora nake jira. Abin da babu wanda ya isa ya faɗa wa Malam Bukar, ni ina faɗa masa ina cin gyaɗarsa.

Sai aka kawo allurar rigakafin korona, aka ce a fara da tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe a jiki, irin su sukari da hawan jini da ciwon ƙirji. Da za a zana hoton wanda ake nema, Kaka za a zana har da hularsa. Umma kuwa ita ce mai yin allura a ƙaramin asibitin unguwarmu. Aikin yana da wata ƙa'ida da ta hana ta sakat: kwalba ɗaya ta mutum goma ce, kuma in an buɗe ta 'yan awoyi kawai take yi, abin da ya rage sai a zubar. Don haka ba ta buɗewa sai ta ga mutane sun taru. Mutane kuwa suka ƙi taruwa. Yau tsohuwa biyu, gobe tsoho ɗaya, a ce su dawo, ba kowa yake dawowa ba. Umma ta bi gida-gida har takalminta ya tsinke, tana bayani cewa mai ciwo ba shi ne zai guje wa allurar ba, shi ne ma ya fi kowa bukatarta, don cutar in ta samu jiki mai rauni ta fi yin ɓarna.

Tsofaffin unguwarmu a gindin tsamiyar bakin kogi suke yini, kuma a can Kaka ne gwamna. In ya ce kifin bana ba shi da daɗi, kowa sai ya ji ɗaci a bakinsa. Da aka tambaye shi batun allura, abin da ya ce kawai shi ne ba ya so. Bai faɗi dalili ba, su suka cike masa sauran: wai tana tsinka jini, wai mai sukari in aka yi masa ba ya ganin Juma'a. Wata rana ina rakiyar Umma muka haɗu da Alhaji Modu mai tattasai, aminin Kaka, mutumin da jininsa ya fi farashin kayansa hawa. Umma ta gaishe shi, ta fara bayani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi murmushi.

"'Yata, maganarki ta yi daɗi. Amma in abin alheri ne, ai da gida za ki fara. Malam Bukar ya yi?"

Umma ta sunkuyar da kai, muka juya gida. Da yamma tana tankaɗe Kaka ya fara tarinsa a zaure, na ga rariyar ta tsaya a hannunta har sai da ya gama. Sau biyu ta aike ni in tuna masa cikin ladabi, sau biyu ya ce a gaya wa mutanen ciki ya gode. Sannan labari ya zo cewa ranar Alhamis da yamma za a kwashe ragowar allurar a kai inda ake nemanta, kuma babu wanda ya san ranar da wata za ta zo. Ranar Lahadi ke nan. A ranar na yanke shawara cewa ko kogi zai juya ya koma inda ya fito, sai an yi wa tsohon nan allura kafin Alhamis.

Na fara da kayan aikin da na saba. Na ce masa an yi doka, duk wanda ba a yi wa ba kifi ba zai ƙara shiga komarsa ba. Ya ce dama ya gaji da ƙarni. Na ce to ni ba zan zauna da mijin da yake tsoron abin da jarirai suke sha kullum ba. Ya ce ƙofa a buɗe take, in bar masa gyaɗarsa. Daga nan ne na yi abin da har yau nake da-na-saninsa.

Ranar Litinin da safe Umma tana shirin fita, na ce mata Kaka ya amince, ya ce bayan azahar zai zo da mutanensa shida. Ko ƙifta ido ban yi ba. Dabarata mai sauƙi ce: in na gaya wa Umma zai zo, sannan na gaya wa Kaka abin da zai tashe shi tsaye, ƙaryar farko za ta zama gaskiya kafin la'asar, babu wanda zai sani. Umma ta daɗe tana kallona, fuskarta ta yi wani haske da na jima ban gani ba. A asibiti ta tarar da tsofaffin mata uku da suka ƙetaro kogi a kwalekwale, zuwansu na biyu ke nan. Uku da bakwai goma. Ta buɗe kwalba.

Ni kuwa na nufi zaure, na zauna na ɓata rai, na ce Umma ta ce in bai je asibiti yau ba za ta haɗa kayanta ta koma gidansu a Jahun, don ba za ta zauna a inda aka mayar da ita abin dariya a gari ba. Na ƙara da cewa har na ga ta sauko da akwati. Na zaci zai yi tsaki ya ce in miƙo masa sanda mu tafi. Sai na ga ya ajiye komar da yake ɗinki, ya ce in ɗauko masa babbar rigarsa ta Juma'a. Ya fita, amma ba asibiti ya nufa ba. Gidan Liman ya tafi, ya roƙe shi ya je ya ba mutanen ciki haƙuri a madadinsa. Ya ce shekara goma sha shida yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, in har ta kai ga akwati to laifin nasa ne.

Liman ya isa asibiti, Umma ta hango rawani ta zaci ayarin ne ya fara isowa, ta jawo masa kujera. Shi yana ba da haƙuri kan akwati, ita tana tambayar ina sauran mutanen. An ce sun jima kowa yana kallon ɗan'uwansa kamar ya taɓu, kafin Liman ya tambayi wanda ya kai saƙon. A nan asirina ya tonu. Liman, Allah ya saka masa, ya ce tunda an riga an buɗe a yi masa. Umma ta aika neman mutane har bakin kasuwa, ba a samu ko ɗaya ba. Da lokaci ya cika, rabon mutum shida ya tafi a banza, kuma sai da ta rubuta wa shugabanta bayanin yadda aka yi.

Na shirya wa duka, har zani biyu na ɗaura. Ba ta dake ni ba. Ta kira ni ɗaki, ko hijabinta ba ta cire ba.

"Ke, yau na zubar da rabon mutum shida da hannuna. Ban san su ba, ke ma ba ki san su ba, amma kowannensu kakan wani ne. Tashi ki je."

Da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Na ɗauki tuwon yamma na kai zaure. Kaka bai ce ya yi tauri ba, bai ce miyar ta yi gishiri ba, bai sake ni ba.

"Ajiye a nan, Rumasa'u. Na gode."

Ban taɓa sanin sunana yana da nauyi haka ba.

Washegari kowa ya ɗauka na daddara. Na daddara da ƙarya, amma Alhamis tana nan tafe, kuma ƙirjin Kaka bai san an yi faɗa a gida ba. Da na taso daga makaranta ban same shi a gindin tsamiya ba. Na gangara can ƙasa inda tsohon kwalekwalensa yake kife, na tarar da shi zaune shi kaɗai yana kallon ruwa. Na zauna nesa kaɗan. Na ba shi haƙuri, bai kore ni ba. Sai na fito da abin da na shekara ina ɓoyewa.

"Kaka, ranar da kake asibiti ina bayan ƙofa. Na ji abin da likita ya gaya wa Abba."

"Ni ma na ji. Idona ne a rufe, ba kunnena ba."

"To me ya hana ka? Ka yarda da abin da su Alhaji Modu suke faɗa ne?"

"Modu bai san bambancin allura da ƙugiya ba." Ya tsinci ƙaramin dutse ya jefa a ruwa. "A ina ake yin ta?"

"A damtse, can sama kusa da kafaɗa."

"Wato in cire riga. In zauna daga ni sai singileti, matar ɗana ta tsaya a kaina, ta riƙe hannuna, ta ga na runtse ido. Haba Amarya."

Na ce to ya tafi wani asibitin inda namiji yake yi. Ya ce tun ranar farko ya yi wannan tunanin. In ya wuce ƙofar asibitinta ya kai hannunsa wani wuri, kafin ya dawo gari ya ɗauka cewa Malam Bukar bai yarda da hannun surukarsa ba, to wa zai ƙara miƙa mata nasa? Shi ya sa ya ga shiru ya fi: gara a ce tsoho yana da taurin kai da a ce ita ba ta iya aikinta ba. Na ce ai Liman ya taɓa cewa a shari'a matar ɗa kamar 'ya take. Ya ce ya san wannan tun Liman bai yi gemu ba, kuma ba shari'a ce ta hana shi ba.

Na zauna ina kallon ruwan ni ma. Gari ya ɗauka tsoro ne, ni na ɗauka taurin kai ne, ashe mutumin nan ya gwammace ya bar ƙirjinsa a buɗe wa cuta da ya kunyata Umma ta nan ko ta can. Haushinsa ya kama ni, tausayinsa ya kama ni, na rasa wanda zan fara. Na gaya masa cewa shirun nasa ya fi komai kunyata ta, don da shi ake yi mata gori a hanya. Wannan bai sani ba, na ga ya shige shi. Na roƙe shi ya bar ni in kai mata maganar. Ya ce da sharaɗi ɗaya: yadda ya faɗa, ba gishiri, ba barkono.

Na kai yadda ya faɗa, kuma wannan ne aike na farko a rayuwata da ya isa da nauyin da ya tashi da shi. Umma tana yanka kuɓewa. Ta ajiye wuƙar, ta goge ido da gefen ɗankwali ta ce albasa ce, alhali babu albasa a wurin.

"Ki ce wa Baba ni ba fuska nake yi wa allura ba. Hannu kawai nake bukata."

Na kai masa a zaure, don ya riga ya dawo. Yana juya maganar a ransa idona ya faɗa kan wata tsohuwar tabarmar kaba da ke jingine a kusurwa, wadda ɓera ya huda tsakiyarta. Na ɗaga ta na tare fuskata, na zura hannuna ta ramin, na yi muryar tsoho na ce salamu alaikum, an zo allura. Kaka ya yi dariya har ta zama tari, tarin ya sake komawa dariya. Da ya samu numfashi sai ya ce a sayo sabuwa, ba zai sa hannunsa inda ɓera ya sa baki ba.

A yammacin nan na bi takun nan goma sha biyu har ƙasa ta yi kwari. Umma ta ce sai shugabanta ya yarda a kawo aikin gida, kuma ba za ta buɗe kwalba don mutum ɗaya ba, musamman bayan abin da ya faru jiya, sai goma. Kaka ya ce shi da ya taɓa tara mutum arba'in a kan koma ɗaya, goma ce za ta gagare shi? Amma shi ma yana da sharaɗi: kada ta san wanne ne hannunsa, zai shiga tsakiyar layi, kuma ba za a kira suna ba. Umma ta ce Malam Sani, abokin aikinta mai rubuta kati, zai zauna ɓangaren maza, shi zai yi musu tambayoyi ya auna jini ya rubuta sunaye, ita lamba kawai za ta ji. Kaka ya ce an gama. Shugaban Umma ma ya yarda da safe, ya ce in dai tsofaffin bakin kogi za su fito, ko a cikin kwalekwale ne a yi.

Ranar Laraba na bi Kaka gindin tsamiya da buta, wai ruwa na kai masa. Ya bari aka gama gaisawa, sannan ya ce shi bai taɓa cewa allurar nan tana da illa ba, su suka faɗa shi kuma ya yi shiru, kuma shirun kuskure ne. Ya ba su labarin tabarma. Sai wani tsoho ya yi gyaran murya ya ce shi ma dama abin da ya hana shi ke nan, yarinyar da aka ɗaura aurenta a gabansa, ya je ya tuɓe mata riga? Wani ya ce shi ma haka. Ashe rabinsu ba tsinkewar jini suke tsoro ba, kunya ce kowa ya lulluɓe da jita-jita don ta fi sauƙin faɗa. Sauran kuwa tsoron nasu na gaske ne, suka yi ta jefo tambayoyi, ni kuma ina gudu asibiti ina dawowa da amsa. Umma ta ce a gaya musu gaskiya: hannu zai yi tsami, wani zai yi zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, allurar ba ta warkar da sukari ko hawan jini, kowa ya ci gaba da shan maganinsa, kuma akwai ta biyu nan gaba. Na faɗa haka. Allah ya sani na so in ƙara cewa tana fito da sababbin haƙora, amma na cije.

Kafin la'asar an samu tara har da Kaka. Alhaji Modu ya kafe, ya ce shi jininsa ba ya son baƙo. Kaka ya juya ya dube shi.

"Modu, bara ni da kai muka riƙe gefe ɗaya na makarar abokinmu Sale. Ni na gaji da raka abokai. In kai ba ka gaji ba, zauna."

Alhaji Modu ya ce zai yi tunani, amma bai yi alkawari ba.

Ranar Alhamis da hantsi aka rataye sabuwar tabarma ta raba zaurenmu biyu. An yanke rami a tsakiyarta, na ɗinke bakinsa da farin ƙyalle mai tsabta. Ta ciki Umma ce da akwatin sanyi da ni. Ta waje Malam Sani ne da littafinsa, da kujera ɗaya a jikin tabarmar, da tsofaffi tara suna ta cire riguna suna tsokanar juna kan wanda ya fi rama. Umma ta aike ni in ce tunda yau ce ranar ƙarshe za ta buɗe wa tara. Kaka ya ce goma ya yi alkawari, goma za a yi. Aka zauna. Rana tana ɗagawa, ni ina ta leƙen ƙofa, don na san in tsofaffin nan suka gaji suka watse, babu mai sake tara su. Can sai muka ji muryar Alhaji Modu tun daga bakin layi, yana shelanta wa duniya cewa shi kallo kawai ya zo yi. Ya shigo, ya yi kallon, Malam Sani ya auna jininsa wai don kada zuwan ya tashi a banza, kafin ya ankara rigarsa tana hannun Kaka.

Umma ta buɗe kwalba. Malam Sani ya ce na ɗaya, hannu ya shigo ta ramin. Ni dai ban taɓa ganin baje kolin hannuwa irin na ranar ba: wani kamar sandar rake, wani kamar taɓarya, wani yana rawa tun kafin a taɓa shi. Na uku ya yi salati da ƙarfi alhali auduga kawai aka goga masa, duk zauren ya san mai tattasai ne. Umma tana tsaye, ta ɗan sunkuya, ta goge, ta yi, ta ce an gama, Allah ya ƙara lafiya. Haka har biyar.

Na shida ya shigo a hankali. Siriri ne, fatar ta saki, ga tsohon tabon igiya ya zagaye wuyan hannun. Na gane shi nan take. Na saci kallon Umma. Ba ta ce komai ba, ba ta dube ni ba. Ta zame takalmanta, ta durƙusa gwiwa biyu a ƙasa, a inda babu mai ganinta sai ni da Allah. Ta riƙe damtsen kamar ƙwai, ta goge, ta yi allurar. Sannan ta faɗi abin da ta faɗa wa kowa, da murya iri ɗaya: an gama, Allah ya ƙara lafiya. Hannun ya koma. Ta miƙe ta mayar da takalmanta, Malam Sani ya ce na bakwai.

Aka zaunar da su rabin awa don a ga yadda jikinsu zai yi, suka cinye mini gyaɗar Kaka kaf. Kafin azahar labari ya zaga unguwa, matansu da 'yan'uwansu suka nufi asibiti, sai da Umma ta ƙara buɗe kwalba biyu kafin motar kwashe kaya ta iso. Washegari Alhaji Modu ya yi zazzaɓi, ya tara iyalinsa ya yi wasiyya, jibi kuma aka gan shi a kasuwa yana faɗa kan buhun tattasai. Ƙirjin Kaka bai warke ba, allurar ba ta yi wannan alkawarin ba. Rai a hannun Allah yake. Amma ƙofa ɗaya da cuta za ta shigo masa an tura ta, kuma yanzu haka da nake rubutun nan ina jin tarinsa a zaure.

Da yammacin Alhamis ɗin na kai masa kunu. Yana zaune ya rungume damtsensa kamar an ba shi jariri. Ya ɗanɗana, ya ce ya yi ruwa. Sannan ya rage murya, yana kallon katanga.

"Amarya, ta gane nawa?"

Na yi alkawarin na daina ƙarya, kuma ba na so in karya shi tun bai yi kwana uku ba. Na duba cikin gaskiyar da nake da ita, na zaɓi wadda zai iya ɗauka.

"Ba ta ce mini komai ba, Kaka."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa ruwa in yana so ya san zurfinsa. Sannan ya gyaɗa kai, ya ƙara kurɓar kunun.

"To je ki tambayo mutanen ciki yaushe ne ta biyun. Kuma a naɗe tabarmar nan a rataye ta sama, kada ɓera ya taɓa ta."